Ɗakin da Ba a Amsa wa Mutum

Shekara goma sha ɗaya na yi ina shan giya a garin nan. Na faɗa tun farko don kada wani ya kai rabi ya ce na rufe shi. Ni ba ɗan boko ba ne. Aji huɗu na yi a Maradi aka cire ni aka kai ni kasuwa, kuma har yau a kasuwar nake. Tebur gare ni a bakin titi a Harlem. Huluna, safar hannu, tabarau, rigar waya, da laima in hadari ya haɗu.

Sanyi ne ya koya min. Wanda bai taɓa tsayuwar awa tara a kan siminti a watan Janairu ba, ba zai gane ba, kuma ba zan wahalar da kaina ina yi masa bayani ba. Wani mai tebur kusa da ni, ba Musulmi ba, ya miƙo min 'yar kwalba da ba ta fi tsawon yatsa ba, ya ce tana ɗumama ƙashi. Ta ɗumama kuwa. Sanyi ya wuce, zafi ya zo, ni ban daina ba. Ina cusa ƙananan kwalaben cikin safa, biyu a kowace ƙafa, in bi da kanumfari da goro. A haka nake shiga masallaci in tsaya a ƙarshen sahu. A tunanina ba wanda ya sani.

Ina da aboki tun daga gida. Unguwarmu ɗaya, kusan lokaci ɗaya muka shigo ƙasar nan, shi ya kama tuƙin tasi ni na kama tebur. Zuciyarsa ce ta tsaya wata Laraba da safe yana ɗaura takalmi. Wansa ya kira ni ya ce, "Kai za ka zuba masa ruwa, ba wanda ya fi ka kusa da shi." Na ce to.

Mu huɗu muka shiga ɗakin wankan, da liman, wani dattijo mutumin Kumasi. Na naɗe hannun riga, na sunkuya zan ɗauki buta. Liman ya matso kusa da ni, ya ɗan tsaya, sannan ya ce a hankali, "Malam, ɗan jira mu a waje." Iyakar abin da ya ce ke nan. Sauran ba wanda ya ɗaga kai. Da sun zage ni da ya fi min sauƙi. Na fita, ƙofa ta rufe a bayana.

Bayan wannan na gwada dainawa ni kaɗai har sau uku. Da azumi na yi wata guda cur ban taɓa ba, ranar Salla da yamma na koma. Sai idona ya fara yin rawaya, matata ta matsa min na je asibiti. Likita ya nuna min hoton hantata, ya yi dogon Turanci, abin da na tsinta shi ne in na ci gaba ba zan daɗe ba. Da zan fita wata nas ta ba ni takarda, ta ce jerin wuraren da masu irin matsalata suke haɗuwa ne su yi magana. Ba likita, ba magani, su ya su. Ta ce, "Kai kaɗai ka gwada ka gani. Gwada da mutane."

Takardar ta yi kwana goma a aljihuna. Turancina na kasuwa ne, ina ji ina mayarwa, amma karatu sai lambobi da sunayen ranaku. Ba zan ba 'yata ta karanta min ba, ba zan ba kowa a masallaci ba. Sai na zauna a bayan tebur ina bin layi ɗaya-ɗaya da yatsa ina sokewa. Harlem, a'a, kowane lungu akwai wanda ya san ni. Tremont, a'a, can rabin mutanenmu suke. Tompkinsville ma akwai 'yan garinmu masu kanti. Haka na yi ta sokewa har ya rage wani wuri can ƙarshen Queens, jirgin ƙasa biyu da bas ɗaya. Talata da Juma'a, ƙarfe uku na rana. Na tattara kaya da wuri, na ce wa maƙwabta sari zan je.

Ɗaki ne a saman bene, ƙasansa wurin da tsofaffi suke cin abincin rana da motsa jiki. Kujerun ƙarfe an zagaya da su, mutum kamar goma sha biyar, da kofi marar daɗi a kan tebur. Mai jan zaman wani dogon Bature ne, tsohon direban bas, da abin ji a kunnensa. Aka ce in faɗi sunana kawai, ba na uba ba na gari. Ni kuwa na ƙara da inda nake kasa kaya, don a wurinmu ba a gabatar da kai tsirara haka.

Na farko da ya yi magana wani magini ne, ƙaton mutum mai faskararrun hannuwa. Ya ce ɗansa ya yi aure watan jiya ba a gaya masa ba, a waya ya ga hotuna.

Na ce, "Assha!"

Ba da niyya ba, haka ya fito. Ya ci gaba, ya ce ya ga tsohuwar matarsa a hoton tana rawa da wani. Na ce, "Kai!" Ya ce ya zauna a mota ya yi kuka. Na ce, "Allah sarki." Sai na lura kawuna suna juyowa wajena.

A wurinmu in mutum yana ba ka labarin damuwarsa, ba ka barinsa shi kaɗai a cikin maganar. Kana biye da shi. Na'am. Ikon Allah. Haka ne. Subhanallahi. Ba katse shi kake ba, riƙe masa ɗaya gefen kayan kake. Wanda ya yi maka shiru kana magana, ko dai yana fushi da kai, ko ya raina ka, ko hukunci yake shirin yanke maka. Haka na tashi na gani, ban san akwai wani irin saurare ba.

Da aka tashi direban ya same ni wajen kofi. Ya yi min maraba, ya riƙe hannuna ya daɗe, sannan ya ce, "Abokina, abu ɗaya. A nan in mutum yana magana ba a tanka masa."

Na ce, "Ban tanka ba. Amsawa nake."

"Ko amsawar."

"To in ban amsa ba, ta ina zai san ina jin sa?"

"Zai sani." Ya gyara abin kunnensa. "Yawancinmu duk wanda muka buɗe wa baki sai ya ba mu amsa. Wani shawara, wani faɗa, wani lallashi. A nan ne kawai ake barin mutum ya kai ƙarshe."

Ban yarda ba, amma ban yi musu ba, baƙo nake. Na ci gaba da zuwa. Ina sa goro a baki in danne shi da haƙori duk lokacin da assha ta taso min. Abin mamaki, sati shida ban sha ba. Ban san me yake aiki ba. Wataƙila doguwar tafiyar ce, wataƙila ganin magini yana dawowa kowace Talata da hannunsa yana rawa kamar nawa.

A sati na bakwai na ɗaga hannu. Na ce ina da aboki, ya mutu. Na tsaya. Ba wanda ya ce komai. Na ce an ce ni zan zuba masa ruwan wanka. Na sake tsayawa. Fuska goma sha biyar suna kallona, ko tari babu. Sai na ji kamar na koma ɗakin can, da buta a gabana da mutane sun yi shiru. Na ce, "Shi ke nan." Suka haɗa baki suka ce sun gode. Sun gode da me? Na tashi na sauka bene ban jira an tashi ba.

Kusa da inda ake jiran bas akwai kantin giya. Sati shida ina juya masa baya. Ran nan na shiga, na sayi huɗu.

Sati uku na yi ban koma ba, kuma ba ranar da ban sha ba. Idon ya fara komawa rawaya. Matata kuwa, in na ajiye kwano sai ta duba abin da na rage.

Wata Asabar da hantsi ina zaune a bayan tebur sai na ga sanda ta tsaya a gaban hulunana. Na ɗaga kai. Wata tsohuwa ce daga ɗakin can, baƙar fata 'yar ƙasar nan, ta haura saba'in, kullum da ƙatuwar jaka a kafaɗa. A ɗakin ba ta cika magana ba. Na duba hagu da dama ko wani namu yana kallo.

Ta ɗauki wata hular ulu ja ta sa, ta leƙa madubin tabarau. Ta ce, "Wannan ta mai da ni kamar butar shayi."

Na ce, "Mama, me ya kawo ki nan?"

"Ƙafa ce ta kawo ni, kuma ba ta gode maka ba. Ka ce Harlem, ba ka ce wane titi ba. Kai ne mai hula na tara. Tashi ka ba ni kujerar nan."

Na tashi. Ta zauna tana haki, ta jingine sandar. Ta ɗan shaƙi iska ta wajena, ta ce, "Kanumfarin nan ba ya aiki, ɗana. Ni alewar na'ana'a na tsotsa shekara ashirin, ita ma ba ta taɓa rufe komai ba."

Kunya ta kama ni, sai ta juye ta zama fushi. Na ce, "Mutanen ɗakinku ba su da tausayi. Na buɗe cikina, suka zuba min ido kamar ina gaban jami'an shige da fice. Ko kare ne ya yi kuka ai a ce masa wani abu."

Ta yi dariya har da buga sanda a ƙasa. Ta ce, "Ranar da ka fara zuwa, da ka yi wannan ihun naka, me ma kake cewa?"

"Assha."

"Shi. Saura kaɗan in taso in rungume ka. A ƙauyenmu can kudu, a cocinmu, in mai wa'azi ya yi magana ba a amsa ba, tsayawa yake ya ce, mutuwa kuka yi ne? Kakata in kana ba ta labari tana mm-hm, mm-hm, har ka gama. Shekarata ta farko a ɗakin nan a kan hannuwana nake zama, ina cije leɓe."

"To me ya sa kika zauna da su?"

"Don in na bar su mutuwa zan yi. Kai ma haka, ba sai na ɓoye maka ba, ga idonka nan." Ta cire hular ta ninke ta a kan cinya. "Saurara. Dokar baki ta hana. Ba ta ce komai a kan hannu ba. Ran Talata zan zauna daidai gabanka. Kada ka kalli kowa, hannuna za ka kalla. Duk inda ya kamata in amsa maka, zan buga gwiwa. Ka ji?"

Na ce, "Wannan ai wasan yara ne, Mama."

"Ɗan shekara hamsin da kwalba a safa yake gaya min wasan yara."

Na duba ƙafata. Ban san ta yaya ta gani ba. Ta sayi hular duk da ta ce ta yi mata muni, ta ce in raka ta tashar jirgin ƙasa don matakalar wurin ba ta da mutunci. Na raka ta. Wani ɗan garinmu mai sayar da turare ya tambaye ni wace ce, na ce mai sayen hula ce.

Ran Talata na tashi hannuna yana rawa har na kasa ɗaura agogo. Ban sha ba. Ban ma kasa kaya ba, na yi ta zagaya gida har rana ta yi, na yi azahar, na kama hanya. A jirgi sau biyu na miƙe zan sauka.

Da na shiga direban ya ce, "Ga abokinmu," kamar jiya na fita. Ba wanda ya tambaye ni inda na shiga. Tsohuwar tana zaune daidai inda ta ce, jakarta a ƙasa, tafin hannunta na dama a kan gwiwa. Na zauna ina fuskantarta. Na bar mutum uku suka yi magana, sannan na ɗaga hannu.

Na ce ina da aboki, ya mutu. Hannun ya ɗaga ya sauka a kan gwiwa, ba ƙara. Na ce tun muna yara muke tare, shi ya koya min hawan keke, shi ya tarbe ni a filin jirgi da rigar sanyi don ya san ban zo da ita ba. Hannun ya sauka. Na ce a addininmu maza na kusa da mamaci su suke wanke shi, kuma ba ƙaramin girma ba ne a ce kai za ka zuba ruwa. Ya sauka sau biyu. Turancina yana karyewa, ina ɗaurawa ina ci gaba. Na faɗi buta, na faɗi liman, na faɗi abin da ya ce min da yadda ƙofa ta rufe.

A nan na yi niyyar tsayawa. Da a gida ne, a nan wani zai ce, "Ya wuce, Malam, Allah ya yafe mana baki ɗaya, kada ka ƙara tada shi." Ni kuma in ce amin, in ji daɗi, in rufe bakina. Na tsaya ina jiran wannan. Ba ta zo ba. Ɗakin yana nan yana jira, kamar sun san da saura.

Akwai saura kuwa, wanda ban taɓa gaya wa ko matata ba. Na ji bakina yana faɗa. Na ce da aka fitar da ni ban tsaya a bakin ƙofa ba. Zagayawa na yi bayan ginin, wurin kwandunan shara, na tsuguna na zaro kwalba daga safa. Akwai bututu a jikin bangon, ina jin ruwan wankansa yana gangarowa ta ciki, ni kuma ina sha. Na shanye ɗaya na buɗe ta biyu. Na ce abin da ya fi ci min rai ba korar ba ce. Daɗi na ji da aka kore ni. Tun da muka shiga ɗakin wankan, abokina yana kwance a gabana an rufe shi da farin ƙyalle, hankalina ba a kansa yake ba, yana kan abin da ke cikin safata. Na ce matarsa ta yi takaba ta gama ban je na gaishe ta ba, har yau, shekara ɗaya da wata biyar, don ba ni da idon da zan kalle ta.

Na kai ƙarshe. Sai a lokacin na tuna da hannun. Yana kwance a kan gwiwarta ba ya motsi, kuma ban san tun yaushe ya daina ba. Idonta a rufe. Magini ya miƙo min takardar goge fuska da wannan ƙaton hannun nasa. Direban ya ce ya gode, sauran suka ce sun gode. Wata mata ta ɗaga hannu ta fara ba da labarin yadda ta je bikin wurin aiki ta riƙe kofin ruwan lemo awa biyu. Na saurare ta. Ban sa goro ba, bakina ma ya gaji.

Da muka sauko tsohuwar ta ce in riƙe mata jaka. Nauyinta kamar an zuba duwatsu. Muka wuce kantin giyar tana ta mitar gwiwarta da direbobin bas na yanzu da ba sa jiran mutum ya zauna. Da bas ɗinta ya taho ta karɓi jakar ta ce, "Matar abokin nan naka, tana garin nan?"

Na ce, "Tana Tremont."

Ta ce, "To." Ta hau.

Ba zan ce na warke ba, ba a cewa haka. Ina zuwa Talata da Juma'a har yanzu, jirgi biyu da bas ɗaya, ko da yake akwai na kusa. Kwana biyun da suka biyo bayan ranar sun fi kowane wuya, na yi amai, na yi zufa, matata ta zauna kusa da ni da tawul ba ta tambayi komai ba. Amma ban sha ba.

Ran Lahadi na yi wanka na sa farar riga. Na tsaya a wani kanti na sayi dabino da sukari da kwalin shayi, na hau jirgi zuwa Tremont. Bene na huɗu suke, ba lif, sai hawa da ƙafa. A kowane hawa sai na tsaya, ba don gajiya kaɗai ba. Na yi sallama a bakin ƙofa, na sake yi.

Ta buɗe. Ta rame, ta fara furfura a gefen ɗankwali. Ta dube ni, ta dubi ledar da ke hannuna.

Ta ce, "Malam, sai yau?"

Na ce, "Sai yau, Hajiya. Ya haƙuri?"

Ta gyara ɗankwalinta. Sannan ta ce, "Haƙuri sai godiya." Ta matsa gefe ta ce in shigo, in cire takalmi a nan don ta goge ƙasa ɗazu.